Tufafin da Suka Kai Abdulkarim Tambutu

Tsakanin ƙarshen watan Maris da farkon Afrilu na shekarar 1853, wani ayari ya fito daga dajin Gundumi bayan tafiyar kusan awa 26 ba zango, ba sauke kaya. Tsoron mayaƙan Gobir ne ya hana su tsayawa, domin a zamanin duk wanda ya yi nawa a dajin nan, ko dai ya rasa ransa ko ya rasa 'yancinsa. Mutane da dabbobi suka iso Gawasu a galabaice. A cikinsu akwai wani Bature ɗan ƙasar Jamus mai shekara 32, sunansa na yanka Heinrich Barth, amma tun daga Tarabulus har Kukawa da Abdulkarim aka san shi.

Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi tare da wasu Turawa biyu, suka taso daga Tarabulus a 1850. Shugaban tafiyar, James Richardson, ya rasu a 1851 kafin ya kai Kukawa. Na biyun, Adolf Overweg, ya rasu a gaɓar Tafkin Cadi a 1852. Saura Abdulkarim shi kaɗai da barorinsa, cikinsu har da wasu samari biyu 'yantattu, Abbega da Dorugu, wanda shi Bahaushe ne ɗan ƙasar Damagaram. Wani da ya binne abokan tafiyarsa biyu, gida zai nufa. Shi kuwa sai ya juya yamma, ya ce sai ya ga Tambutu.

Wanda ya ga Bature da jerin raƙuma zai zaci hajar Turai ce a kansu. Akwai ta, amma ba ita ce jarin tafiyar ba. Kafin ya baro Katsina, Abdulkarim ya shiga kasuwa ya zuba kuɗinsa a kan tufafin ƙasar nan: turkudi, baƙaƙen riguna rinin Kano, rigunan Nufe, baƙaƙen rawuna na amawali, da zannuwa. Ya riga ya gane abin da fatake suka daɗe da sani. Wuri yana da nauyi, don wuri 2,500 ne ke yin dalar azurfa ɗaya a Kano, kuma akwai garuruwan da ba sa karɓarsa. Azurfa ba kowane mai hura ko mai jirgin fito ne ya san darajarta ba. Amma turkudi, daga nan har bakin hamada babu wanda zai gan shi ya kau da kai.

A Gawasu ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello ya yi sansani, yana shirin fita yaƙi da Gobirawa. Sarki ya karɓe shi hannu biyu. Cikin gaisuwar da baƙon ya gabatar akwai ƙananan bindigogi biyu masu ado, da darduma ta Santambul, da alkyabbu, har da ta jan mulufi. Wato ulun da aka saƙa a can hayin teku ya ƙetaro Sahara ya zo hannun Sarkin Musulmi, a daidai lokacin da audugar da aka kaɗa a ɗakunan matan ƙasar Hausa ke ɗaure a kan raƙuman baƙon za ta yamma. Aliyu ya ba shi takardar amana, ya aika masa wuri 100,000 na cefane, ya ce ya wuce Wurno ya jira shi har ya komo daga yaƙi.

Wurno a wannan lokaci ita ce mazaunin Sarkin Musulmi. Bello ne ya kafa ta ribaɗi, a kan tudu, tana kallon fadamar gulbin Rima, don ta tsare Sakkwato daga harin arewa da gabas. A nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake har gobe. Kuma Bello, Allah Ya jiƙansa, bai ɗauki ribaɗi a matsayin wurin mayaƙa kawai ba. A littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'a cikin haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba: manoma, maƙera, maɗinka, marina, mahauta, masassaƙa, a zaunar da su a kowane gari gwargwadon bukatarsa. Mahaifinsa, Shehu Usmanu, an san shi da tufkar igiya don ya ci da guminsa. Gidan da ya ga darajar igiya ba zai raina zare ba.

Fiye da wata guda Abdulkarim ya yi a Wurno. Ya zauna da malamai, cikinsu har da Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu, wanda zurfin iliminsa ya ba shi mamaki. Ya karanta rubuce-rubucen Bello. Ya hau doki ya bi hanyar da ta haɗa Wurno da Sakkwato, ta wannan yanki da mutanen Achida ke kai da kawowa a yau, ya ga kasuwar birni, ya ziyarci gidan da Hugh Clapperton, wanda aka sani da Abdullahi, ya rasu a 1827. Shi Clapperton ɗin, tun zuwansa na farko a 1824, ya rubuta cewa Nufawa ne aka fi yabawa da iya saƙa, matansu kuma da iya kaɗi, kuma da yawansu bayi ne da yaƙi ya kawo. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma ba a faɗin labarin tufafin Daular Usmaniyya a tsallake ta. A cikin kyan rigar da sarki ya sa, akwai gumin ɗa, akwai na bawa.

Kafin riga ɗaya ta kai wuyan mai ita, sai ta ratsa hannaye da yawa. Manomi ya shuka auduga, a tsince ta bayan kaka. Mata su gurje ta a kan magurji su fitar da angurya, su shiɓe ta, sannan su zauna da mazari da alli a yatsa suna kaɗi, wata ta fitar da zare siriri mai ƙarfi na tsaye, wata ta fitar da abawa. Idan saƙi za a yi, sai a kai wani zaren marina a tsoma shi cikin baba, a fitar, a shanya, a sake tsomawa, har ya yi baƙi ƙirin. Masaƙi ya yi wadari, ya miƙe zarensa mai tsawon gaske a fili, ya zauna yana taka ƙafa yana jefa ƙoshiya, ƙwarya tana fitowa siririya, wata faɗinta bai wuce yatsu biyu ba. Maɗinki ya jera ƙore gommai ya haɗa su da allura, gefe da gefe, ba tare da zanen ya goce ba. Daga nan sai malami, don a da yawancin masu zana aikin riga da ɗinka shi almajirai ne da malamai masu riƙe da alƙalami. Shi zai fitar da aska biyu ko aska takwas a gaban riga, da tambari a ƙirji da baya, a cike su da zaren tsamiya, wanda ake samu daga gidan wata tsutsa a dafa shi da toka kafin ya kaɗu. A ƙasan riga ta ciki a yi mata shafi da alharini, jan siliki da ake kawowa daga Tarabulus a kan raƙuma. Idan kore ce ko turkudi, sai a bi ta da shuni, a kai mabuga su yi ta dukanta a kan gungume har ta riƙa walƙiya. Babbar riga ta gaske kan ci watanni.

Abdulkarim ya riga ya ga cibiyar wannan sana'a tun a watan Fabrairu na 1851, lokacin da ya shiga Kano. Mutum ne mai son lissafi, kuma lissafin da ya bari har yanzu masana tarihi na komawa gare shi. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa waje a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla. Ya kuma ce da wuri 50,000 zuwa 60,000 iyali guda za su ci, su sha, su yi sutura shekara ɗaya cikin wadata. In ka raba, kuɗin tufafin da ake kaiwa waje kawai ya isa ya riƙe gida 5,000, ban da abin da ake sayarwa a cikin ƙasa. Ya lissafa inda hajar ke kaiwa: arewa har Murzuk da Gat da Tarabulus, gabas duk ƙasar Barno, kudu har Adamawa da ƙasar Igbira, yamma har Tambutu da gaɓar Tekun Atilantika. Abin da ya fi burge shi shi ne, ba a tara mutane cikin manyan masana'antu irin na Turai inda ya ga talauci na cin ma'aikata ba. A gida ake aikin, a zaure da tsakar gida, kowa da rabonsa.

A farkon watan Mayu ya yi sallama da Aliyu ya kama hanya. Ya bi ta Gwandu, inda Sarki Halilu bai yarda ya gan shi ido da ido ba, amma a can ya sami kwafin Tarihus Sudan ya kwafi abin da ya iya. A watan Yuni ya ƙetare Kwara a Sayi. Daga nan tafiya ta yi tsanani: Liptako, Dori, duwatsun Hombori, ruwan damina, ƙabilu masu gaba da juna, da wani ɗan rakiya Balaraben Walata mai cin amana yana wawure masa kaya. Da suka kusanci ƙasar da sarakunan Hamdullahi na Masina ke iko, dole ya ɓoye cewa shi Kirista ne, ya zama sharifi mai kai wa Shehu Ahmadul Bakka'i na Tambutu littattafai. A duk wannan hanya, abin da ke buɗe masa ƙofa ɗaya ne. Shugaban Buzaye ya tare hanya, a ba shi baƙar riga da rawani. Ana neman hatsi ko ɗan jagora, a kwance turkudi. Inda wuri ba ya aiki, ƙwaryar fari ce kuɗi. Ɗaurin tufafin da ya saya a kasuwannin Hausa yana raguwa, shi kuma yana matsawa gaba, har ranar 7 ga Satumba, 1853, ya shiga Tambutu.

A can ya tarar tufafin sun riga shi zuwa. Birnin da Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna mafarkin zinariyarsa, sai ya ga ba garin masaƙa ba ne kamar Kano. Masu hali na garin, yawancin suturarsu ta Kano ce ko ta Sansandi, sai akoko na Ingila da ke shigowa ta Maroko. Ya ƙiyasta cewa kayan raƙumi 300 na tufafin Kano ke zuwa Tambutu duk shekara, kimanin na wuri miliyan 60. Abin mamaki kuma, saboda rashin tsaron hanyar da shi ya biyo, yawancin hajar ba ta miƙe take zuwa ba. Sai ta hau arewa ta ratsa hamada zuwa Gat da Gadamas, ta karkata yamma zuwa Tawat, sannan ta gangaro kudu. Ta ƙetare Sahara sau biyu, kuma duk da haka akwai riba. A kasuwar Arawan, da turkudin Kano fataken Gadamas ke musayar gishirin Taudeni.

A wannan lungu na Kwara ne kuma ake da saƙar ulu ta ƙasashenmu. Fulanin Masina suna da tumaki masu gashi, suna da zuriyar masaƙa da ake kira Mabube, masu saƙa bargunan kasa da manyan labulen aure da ake kira arkilla, da zane-zanen da ake sarƙawa cikin saƙar kanta da zare mai launi. Fatake sun daɗe suna kawo irin waɗannan barguna kasuwannin Hausa. Su ne 'yan'uwan saƙar bango ta Turai da ta mutanen duwatsun Andis a wajen dabara, kuma yau ana ganinsu rataye a gidajen tarihi na Landan da Faris da Niyok.

Wata takwas Abdulkarim ya yi a Tambutu da kewayenta, ransa a hannun Allah, Shehu Ahmadul Bakka'i yana kare shi daga masu neman a kore shi ko a kashe shi. A ƙarshen watan Agusta na 1854 ya komo ƙasar Sakkwato, ruwa ya cika fadamu, shi kuma atuni ya kama shi. A Wurno ya kwanta jinya har farkon Oktoba. Ya isa Kano hannu wofi, sai da ya ci bashin fataken Gadamas da ruwa ninki. A Turai kuwa an riga an ba da labarin mutuwarsa. Ya sauka Landan a watan Satumba na 1855 tare da Dorugu da Abbega, ya buga labarin tafiyarsa cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858, har da hoton rigar saƙi da aikin gabanta.

To, ina waɗannan tufafi suke yau? Kano ta fitar da na miliyoyin wuri duk shekara, shekara bayan shekara, kusan ƙarni guda. Sarakunan gabas suna aiko da riguna Sakkwato da Wurno cikin gaisuwar shekara, Sarkin Musulmi yana raba su ga malamai da mayaƙa da baƙi. Amma mai neman ya ga rigar wancan zamani da shekararta a rubuce, ya san tabbas a gari kaza aka saye ta a shekara kaza, mafi sauƙin hanyarsa ita ce ya nemi bizar Ingila ko ta Jamus.

A 1841, shekara 12 kafin Abdulkarim ya zo Wurno, Ingila ta aiko jiragen ruwa masu tururi su hau Kwara. Zazzaɓi ya yi musu ɓarna ƙwarai, jirgi ɗaya ne mai suna Albert ya iya kaiwa Egga ta ƙasar Nufe, wadda ke ƙarƙashin Gwandu. A cikin jirgin akwai James Schön, wanda daga baya ya rubuta tarihin rayuwar Dorugu da Hausa daga bakinsa. Sun ba da labarin masaƙa kusan 200 a garin, suka sayi tufafi a kasuwa suka tafi da su. Wasunsu suna Gidan Tarihin Birtaniya a Landan har yau, suna cikin tsofaffin tufafin daular nan da aka san ranar sayensu. Bayan su sai Jamusawa: Robert Flegel, wanda ya zo Sakkwato a tafiyarsa ta 1880 zuwa 1881, da Paul Staudinger, wanda ya kawo wa Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba kyautar Sarkin Jamus a tafiyar 1885 zuwa 1886, da Leo Frobenius da ya zauna Bida a 1911. Daga hannun matafiya irin waɗannan gidan adana kayan al'adu na Balin ya tara tufafin Afirka ta Yamma masu yawan da sai da Brigitte Menzel ta yi juzu'i uku wajen lissafa su a 1972 da 1973. Da Colleen Kriger ta tashi rubuta tarihin rigunan Daular Sakkwato, waɗannan ɗakunan ajiya ta bi, tana auna faɗin ƙwarya, tana ƙirga zare, tana duba bakin allura.

Ba sakaci ne kaɗai ya sa namu suka ƙare ba, kuma ya kamata a yi wa kakanninmu adalci. Gara da asu da laimar damina da gobarar rani ba sa barin auduga ta tsufa. Ban da haka, mu riga ba ta zama wuri ɗaya. Sarki ya sa ta sau kaɗan ya tuɓe wa bafade, bafade ya ba ƙanensa, ta gangara har ta zama tsumman goyo ko na lifidi. Kyautar riga mutunci ce, ɓoye ta a adaka rowa ce. Sannan addini ya koya mana mu tafi kabari da farin likkafani kawai, sarki da talaka. Duk waɗannan kyawawan halaye ne, amma sakamakonsu shi ne tufa ba ta daɗewa a hannunmu sai in wani ya ɗaura niyyar ajiye ta.

A ƙasar Peru akasin haka ya faru. Mutanen Farakas, a gaɓar teku inda ruwan sama bai cika sauka ba, suna naɗe mamatansu da mayafai masu yawa na auduga da ulun alfaka, wata dabba dangin raƙumi marar tozo. A 1927 masanin ƙasar, Julio Tello, ya tono ɗauri 429 na irin waɗannan gawawwaki, aka ga mayafan da suka shekara kusan 2,000 launinsu bai gushe ba. Daga baya sarakunan Inka suka mai da tufa mafi laushi abin naɗi da girmamawa, sarki ya ba jarumi ko basaraken da ya yi mubaya'a, kamar yadda alkyabba take a wurinmu. Amma su ma abin da yashi ya tsare musu, mutane sun kwashe. A farkon shekarun 1930 wani ƙaramin jakadan Suwidin ya fitar da tufafin Farakas 89 a ɓoye zuwa birnin Gotenbag. Peru ba ta yi shiru ba, ta yi ta nema har aka amince a mayar, kashin farko ya sauka Lima a watan Yuni na 2014. Sun iya nema ne don sun san abin da aka ɗauka, sun san inda yake, suna kuma da wurin ajiye shi in ya dawo.

Turawa ma ba a haife su da sanin darajar tsohuwar saƙa ba. A birnin Anje na Faransa akwai saƙar bango ta ulu da wani yarima, Louis na Anju, ya sa aka yi masa wajen 1377 zuwa 1382, tana nuna al'amuran tashin duniya yadda littafinsu ya kawo. Tsawonta ya kai mita 140. A ƙarshen ƙarni na 18, zamanin juyin juya hali, aka raina ta, aka yayyanka, wani yanki ya zama shimfiɗar ƙasa, wani aka rufa wa dawaki, wani aka lulluɓe itatuwan lemu da shi saboda sanyi. Sai a 1848 wani limamin coci mai suna Joubert ya shiga bin gidaje da barga yana tattaro guntayen. Kimanin mita 100 ya tsira, yau mutane daga ko'ina suna biyan kuɗi su gani. Kuma an san wanda ya zana ta, Jean Bondol, an san wanda ya karɓi kwangilar saƙar, Nicolas Bataille, saboda magatakardan yarima ya rubuta wanda aka biya da abin da aka biya shi.

Nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Je ka duba takardar da ke jikin tsohuwar rigar ƙasarmu a gidan tarihin Turai. Za ka ga sunan Baturen da ya saya, da garin da ya saya, da shekarar da ta shiga ajiya. Ba za ka ga sunan matar da ta kaɗa zaren ba, ko masaƙin, ko marinin, ko malamin da ya ƙare idonsa a kan askar. Mun san Barth da Flegel da Staudinger, har ranakun tafiyarsu. Mutanen da aikin hannunsu ya ciyar da baƙo, ya fanshe shi a hannun masu tare hanya, ya sayi gishiri a tsakiyar hamada, ba a san sunan ko ɗaya ba. Kuma mu al'umma ce mai rubutu. Mun adana silsilar malamai da nasabar sarakuna da kwanakin yaƙe-yaƙe, amma ba mu ga masaƙi ya isa a rubuta shi ba.

Sana'ar ba ta faɗi da faɗuwar Sakkwato a 1903 ba. Masu masaƙun Lankasha sun kafa ƙungiyar noman auduga a 1902, suka matsa a ja layin dogo zuwa Kano, da zaton audugar Arewa za ta kwarara zuwa injinansu. Jirgi ya iso Kano a 1911, amma masaƙan gida suka riƙa sayen auduga da tsadar da ta fi ta Bature, manomi kuwa ya san inda riba take. Abin da ya cika taragu sai ya zama gyaɗa. Daga baya ne yadin inji mai araha ya ci kasuwa a hankali. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah kuma jinin Muhammadu Bello, ya nemi a riƙe arzikin auduga a gida ta sabuwar hanya, aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Ita ma ta rufe a 2002. Yau ka shiga layin 'yan yadi a kasuwar Achida ko ta Goronyo, za ka ga shadda da atamfa da yadin Sin, mai kuɗi ya nemi gezna daga Ostiriya. Ka tambayi saurayi bambancin saƙi da barage, ko kore da turkudi, sai ka dace za ka sami amsa.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Hoton rigar kakanka a littafin Jamus ya fi babu, amma ba zai koya wa ɗanka jefa ƙoshiya ba. Abin da ya rage a hannunmu kuwa ba kaɗan ba ne. A gidajen sarauta da na malamai na Wurno da Rabah da Gandi da Goronyo akwai adakun da ba a cika buɗewa ba, cikinsu da rigar naɗin kaka, da tsohon rawani ɗan Kura, da gwadon da aka kai wata gidan miji da shi. Akwai tsofaffin mata da hannunsu bai manta mazari ba. Akwai dattawan da za su nuna maka inda marinar garinsu take kafin a cike ta da shara. A Kura da Ƙofar Mata har yanzu ana rini, a Zariya har yanzu ana aikin riga da hannu.

Aikin ba ya bukatar jiran gwamnati kafin a fara. Wanda ke da irin wannan tufa ya fito da ita ya shanya a inuwa, ya kakkaɓe, ya naɗe ta cikin farin ƙyalle mai tsabta, ya ɗaga ta daga ƙasa. Ya zauna da babban gidan, Baba ko Inna ko Kaka, ya tambaya: ta wa ce, wa ya saƙa, a wane gari, wa ya yi aikin, a naɗin wa ko bikin wa aka sa ta? Ya rubuta amsar, da boko ko da ajami, ya sa takardar a cikin naɗin, ya ɗauki hoto da wayarsa. Wanda ya ga ba zai iya tsare ta ba, akwai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai Gidan Makama a Kano, akwai Gidan Arewa a Kaduna. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma tana da ɗaliban tarihi da ke neman abin bincike, ga shi a ƙofar gidansu. Ranar da muka tara namu da sunayensu, muna da bakin da za mu tambayi Landan da Balin lissafin abin da ke hannunsu, mu nemi a kawo shi 'ya'yanmu su gani. Dattawan da suka san amsoshin nan suna raye yanzu, kuma kowace shekara suna raguwa. A je a tambaye su bana.